Sojojin Wata Uku, Masakwar Wata Huɗu

Ranar Talatar da ta wuce aka yi ruwan da nake zaton shi ne na ƙarshe a bana, irin mai yawan iska da ƙarancin ruwa. Washegari na fita sayen maganin hawan jini a bakin titin Bulumkutu a nan Maiduguri, sai ga wani keke napep ya wuce, an cika shi da ɗauri-ɗaurin irin masakwa, kore shar, saiwoyinsu na ɗigar da ruwan laka a kan kwalta. Ƙanshin ya riga idona gane abin. Ƙanshi ne na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen ganyen da aka datse wa kai. Na tsaya da ledar magani a hannu har mai kemis ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce masa lafiya lau. Ban ga yadda zan yi masa bayanin shekara goma da 'yan kai a tsaye ba.

Ga wanda bai santa ba, masakwa dawa ce mai taurin kai. Ba ta bin damina kamar sauran hatsi. Sai ruwa ya ɗauke ake dasa ta a baƙar laka, wadda muke kira firgi, ta rayu da damshin da ƙasa ta ɓoye, ba tare da ko ɗigo ɗaya ya sake sauko mata daga sama ba. Daga dashe zuwa girbi wata huɗu ne. Ba ta ragewa don wani yana sauri.

Ni ba manomi ba ne. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a sakandare, kuma a shekarar da nake magana an rufe makarantu, ajin da nake koyar da yaƙe-yaƙen da suka wuce ya zama ɗakin kwanan waɗanda yaƙin yanzu ya koro. Manomin shi ne Ba Kyari, yayan matata Falmata. Ƙauyensu yana gabas da gari, a hanyar Dikwa. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda har yau akwai masu zuwa can. Mutanen daji, kamar yadda muke kiransu don gudun ambaton sunansu, sun shiga ƙauyen shekara guda kafin wannan daminar, Ba Kyari ya fito da matarsa Ya Amsa da 'ya'ya da jikoki, suka sauka a gidana. Gidan mutum shida ya koma na mutum ashirin da ɗaya.

Bai fito da tabarma ba, bai fito da rediyonsa ba. Abin da ya ɗauko a ka, tafiyar kwana biyu, rabin buhu ne na irin masakwa, gauraye da toka don ƙwari. Irin gidansu ne, fara mai ɗan ja a baki, wadda ya ce tun kakansa ake zaɓar zangarniyarta a gona kafin a yi girbi. Da ya duba gidana kaf bai ga wurin da ya fi bushewa ba sai ɗakin littattafaina. Nan buhun ya zauna, a ƙasan kanta, shekara guda cur. Ya fi duk abin da ke saman kantar daraja, kuma kowa a gidan ya sani, har ni.

Daminar ta zo da ruwa mai yawa da abinci kaɗan. Hanyoyin shigowa gari duk a tsorace suke, abin da ya iso kasuwa ba na mai ciyar da mutum ashirin da ɗaya ba ne. Muka koma cin abinci sau ɗaya, bayan la'asar. Da safe kunu ne, kuma kunun yana ta sirancewa mako bayan mako, har ya kai mutum na iya ganin gindin kofi ta cikinsa. Mata suka riƙa bin bayan katangu suna tsinko tafasa da rama. Itace ya yi wuya, don ba mai shiga daji, sai Falmata ta fara hura wuta da tsofaffin takardun jarrabawar da na tara. Ban hana ba. Wasu amsoshin a murhu ne suka fara yin amfani.

Abin da na fi tunawa shi ne shirun yara. Yaron da ya ƙoshi yana da surutu. Namu sai su zauna a zaure suna kallon ruwa na zuba daga indararo, ba faɗa, ba guje-guje. In maƙwabta suka soya albasa, sai ka ga kawunansu sun juya gaba ɗaya.

Wata rana da hantsi, ana yayyafi, na ji matan biyu sun tsaya a ƙofar ɗakin littattafai. Ba Kyari yana ciki, zaune a ƙasa kusa da buhun, kamar yadda ya saba.

Falmata ta ce, "Yaya, mudu biyu kawai. A yi wa yara tuwo na kirki ko sau ɗaya."

Ya ce, "Iri ne."

Ya Amsa ta ce, "Mun san iri ne, ba mu ce tsakuwa ba ce. A ina za ka shuka shi? A kan kwanon gidan Malam?"

Ya ce, "In kin ci shi yau, gobe da safe yunwar za ta dawo, shi kuwa ba zai dawo ba."

Ta ce, "To zauna ka yi ta gadinsa. In mun mutu sai ka shuka shi a kanmu, ƙila ya yi kyau."

Suka juya. Ni kuwa na ci gaba da riƙe littafi a buɗe, ina yin kamar karatu nake.

A cikin makon ne jiragen suka fara sauka. Mu mutanen Bulumkutu filin jirgi a bayanmu yake, mun san muryar kowane jirgi kamar yadda ake sanin tarin maƙwabci. Waɗannan muryarsu baƙuwa ce, mai kauri, tana sa kwanukan kicin rawa. Kwana biyu bayan haka aka ga motocinsu a titi, dogaye masu manyan tayoyi, mutum sai ya ɗaga kai kafin ya ga direba. A majalisarmu ta gindin dogon yaro kowa ya ba su ƙasar da ya ga dama. Wasunsu farare ne, wasu baƙaƙe, harshensu ba namu ba. Rediyo dai ta ce ƙwararru ne daga waje, an kawo su taƙaitaccen aiki na wata uku.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansu, don ba na son a ce tsohon malami ya tauye wa mutane makinsu: sun iya aikinsu. Hanyar da ta yi shekara a rufe, cikin kwanaki suka buɗe ta. Da rana mukan ji rugugi daga gabas, ba ka iya rabe na hadari da nasu. Sai ga motocin kifi da na gawayi sun fara shigowa. Aka ce sun kafa sansani a makarantar firamaren ƙauyen su Ba Kyari, kuma duk mai gona yana iya bin ayari ya je ya gani.

Ba Kyari ya bi ayarin farko. Ya dawo da yamma, laka har gwiwa, fuskarsa ta canza. Ko wanke ƙafa bai yi ba ya same ni a zaure.

Ya ce, "Malam, firgi ya sha ruwa. Ban taɓa ganin ya sha irin na bana ba. Gidana babu rufi, amma gona tana nan inda na bar ta."

Na ce, "Su fa baƙin?"

Ya ce, "Sun haƙa rijiya."

Na ce, "To?"

Ya dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Ya ce, "Rijiyar burtsatse, Malam, da inji. Sun gina tanderun burodi da laka. Ka taɓa ganin mai wucewa ya haƙa rijiya? A ƙauyenmu duk wanda ya haƙa rijiya, jikokinsa ne suke sha."

Falmata tana tsinke rama a tsakar gida, tana jinmu. Ta ce, "Amma da bakinsu suka ce wata uku. Masakwarka wata huɗu ce, ban da kwanakin renon iri. Ni ban yi makaranta ba, amma uku ba ta kai huɗu."

Nan ne aka juyo gare ni, a matsayina na mai ilimin gidan, kuma nan ne na yi kuskuren da ba mai iya yinsa sai wanda ya yi karatu. Na gyara zama. Na ce musu shekara talatin ina koyar da labarin baƙin sojoji, daga na kusa har na nesa, kuma ban taɓa cin karo da waɗanda suka tafi a ranar da suka ce za su tafi ba. Na ce wahalar duniya kullum ita ce yadda za a raba su da wuri, ba yadda za a riƙe su ba. Suna cewa wata uku, sai ta zama shida, sai shekara, sai ka ga sun sa wa tituna sunayen matansu. Har misalai na kawo. Na yi magana mai kyau a ranar. Da a aji ne da na ba kaina maki mai yawa.

Falmata ta ce, "Waɗancan na littafinka ƙasa suka zo nema. Waɗannan aiki aka ɗauke su."

Na ce mata ba ta fahimci yadda abin yake ba.

Ta ce, "To. A rage ko mudu ɗaya a ajiye."

Ba Kyari ya ce ba amfani. Irin ya riga ya tsallake shekara guda ba a shuka shi ba, in ya sake tsallake wata, rabinsa ba zai tsiro ba. Ko a shuka shi bana gaba ɗaya, ko a ba mata su niƙa. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Shi da rijiyarsa, ni da tarihina, muka rinjayi mace ɗaya mai ƙirga da yatsu.

A bayan gidana aka reni irin, don ƙasar wurin rairayi ce, ita ake so. Sai da aka tuge kuɓewar Falmata da yakuwarta, tana tsaye tana kallo. Ba Kyari ya watsa irin da hannunsa, ya kakkaɓe buhun har kusurwa, ya juya shi ya sake kakkaɓewa. Kwana huɗu sai ga kore ya rufe wurin. Yara suka sami abin kallo, aka sa su korar kaji. Daga ranar ba sauran komawa baya: irin da aka rena in ya kai kwana arba'in dole a dasa shi, in ba haka ba ya tsufa a tsaye ya zama abincin akuya.

Da ruwa ya ɗauke muka tuge shi, aka datse ganyen da saiwar, aka ɗaure dami-dami, aka jera cikin jiƙaƙƙun buhuna. Mu tara muka tafi, manya zalla, a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, cikin ayari daga tashar Muna. Ni ma na bi, don ba ni da aji, kuma ina ganin shawarata ce, ya kamata in je in ga yadda take tsiro.

Ban taɓa sanin zafi ba sai a firgi bayan damina. Ba bishiya, ba tudu, ƙasa shimfiɗe baƙa ƙirin har inda ido ya gaji. Damshi na tashi daga ƙasa, rana na dannowa daga sama, mutum yana tsakiya kamar dambu a madambaci. Da farko aka sare ciyawa aka ƙone ta. Sa'an nan aka shiga dashe, kuma yana da tsari kamar sahun salla. Mai ƙarfi yana gaba da wani dogon sanda mai nauyi da tsinin ƙarfe, ya ɗaga ya soka, ya murɗa, ya taka biyu ya sake sokawa. Na bayansa yana zuba ruwa rabin gwangwani a kowane rami. Na ƙarshe ya sa iri biyu, ba ya rufe ramin. Ni aka ba gwangwani, aikin da aka ce ko wanda ya yi digiri zai iya. Kafin azahar bayana ya daina miƙewa. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya, har yau yana can.

Duk da haka, a makonnin nan ne na fara jin dariya a bakin Ya Amsa. Sauran mutanen ƙauyen da suka dawo suka haɗu aka yi gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Ana dafa wake a tukunya ɗaya. Muna kwana a kangayen gidaje kusa da sansanin, muna ɗiban ruwa a rijiyar baƙin, ba su taɓa hana mu ba. Safe da yamma jirginsu mai saukar ungulu yakan zagaya, inuwarsa ta bi ta kanmu, mata su ɗaga masa hannu.

Rana ɗaya babbansu ya tako har bakin gona. Dogo ne, hancinsa ya saɓule saboda rana. Da ya ji ina Turanci sai ya sallami tafintansa. Ya tambaye ni wace irin shuka ce ake yi bayan ruwa ya wuce. Na yi masa bayani, har da ƙari, don na daɗe ban sami ɗalibi ba. Ya saurara da kyau. Ya ce, yaushe za a girbe? Na ce wata huɗu daga yau. Sai na ga yana taɓa yatsunsa da babban yatsa, ɗaya, biyu, ya tsaya. Ya dubi gonar, ya dubi mutanen da ke sunkuye a cikinta. Da yamma ya aiko mana da katan ɗin kifin gwangwani.

Ba Kyari ya ce, "Me ya ce maka?"

Na ce, "Ya ce shukar ta ba shi sha'awa."

Ya ce, "Ka gani? Mutumin kirki ne. In an yi girbi zan kai masa dami."

Ban faɗa masa zancen yatsun ba. Irin ya riga ya shiga ƙasa, na ce wa kaina faɗar ba ta da amfani. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba.

Sanyi ya shigo. Firgi ya bushe ya tsattsage, tsagar da ƙafar mutum za ta iya faɗawa, masakwa kuwa ta yi ta hawa kamar ba ta san da fari ba. Ta wuce gwiwa, ta wuce ƙugu, ganyenta ya yi duhu. Tsofaffin ƙauyen suka ce rabonsu da irin wannan tun suna samari. Ni ina zuwa ina komawa gari tare da ayari, Ba Kyari kuwa a watannin nan bai ƙara taka Maiduguri ba.

A wannan lokacin ne abubuwa suka fara canzawa a hankali, irin canjin da sai daga baya mutum yake cewa ai na lura. Jirgin ya koma zagaye sau ɗaya, daga nan sai wata rana ya zo wata rana bai zo ba. Aka daina gasa burodi. Can gabas, inda ba kowa, mukan hangi hayaƙi siriri yana tashi a miƙe. Wata safiya Ba Kyari ya kira ni gefen gonar na gabas. Akwai sawun babur a kan busasshiyar laka, ya zo ya tsaya ya juya. Kuma an kama ganyen masakwa an ƙulle, kara ɗaya a nan, wani bayan taku goma, wani bayan taku goma, har ƙarshen gonar.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Haka ake yi in mutum ya ga fili yana so. Ya ƙulle ciyawa, kowa ya san an riga shi."

Na ce, "Wa ya yi?"

Ya ce, "Wanda ya san al'ada." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwancewa. Bayan kwana uku muka tarar an sake ƙulle su.

Ranar da suka tafi, da sassafe ne, ana sanyin da ke sa yatsu ƙin lanƙwasa. Mata suka je ɗiban ruwa suka dawo da jarkoki wayam. Suka ce ana ciro injin. Muka je. Sojoji huɗu suna jan bututu daga cikin rijiyar, gaɓa bayan gaɓa, suna jerawa a mota. Ba Kyari ya tsaya yana kallo har aka fito da na ƙarshe. Tafintan, wani Bashuwa mai sanyin murya, ya zo ya ce wa'adinsu ya cika, har da ɗan ƙarin da aka yi musu, ayarin ƙarshe zai tashi da azahar, kuma babban ya ce kada wanda ya kwana a nan. Sojojinmu za su tsaya a babban gari inda aka haƙa ganuwa, ba su da yawan da za su riƙe kowane ƙauye.

Ba Kyari ya ce, "Ka ce masa wata ɗaya. Ko kwana ashirin da biyar."

Tafintan ya ce, "Baba, ba shi ke yankewa ba. Takarda ce."

Ya ce, "To ka ce masa ya zo ya ga gonar."

Tafintan ya ce, "Ya gani."

Babban yana tsaye can wajen mota, da ya hango ni sai ya ɗaga hannu. Na rasa abin da zan yi da nawa hannun, sai na ɗaga masa.

Muka koma gona. Masakwa ta fitar da kai, zangarniya manya-manya, sun fara sunkuyawa. Ba Kyari ya kama ɗaya, ya ciri ƙwaya ya matse tsakanin yatsu. Farin ruwa ya fito kamar madara. Ya shafa a rigarsa. Wasu suka shiga yankan nasu haka nan ɗanye, ko a gasa wa yara. Ya Amsa ta ɗauko lauje, ya riƙe mata hannu.

Ya ce, "Bar ta. In kin yanka yanzu ba tuwo, ba iri. Bar ta ta nuna."

Ta ce, "Ta nuna wa wa?"

Ya ce, "Ta nuna dai."

A cikin mota, har muka iso Muna, bai dube ni ba. Da muka shiga gida Falmata ta ga hannuwanmu, ta kawo ruwa, ta ce sannunku da hanya. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, a ranar ko bayanta. Na gwammace da ta yi magana.

Bazarar da ta biyo baya ba na son dogon bayani a kanta. Mun shiga layin rabon abinci, ni da ɗalibaina na da, suna ce mini in wuce gaba. Ba Kyari ya rame, ya daina shiga ɗakin littattafai. Yakan zauna a ƙofar gida yana fuskantar gabas.

Da damina ta sake tsayawa, sai ga wata mata 'yar ƙauyensu, Ya Zara, mai sayar da gawayi, wadda ke shiga wuraren da maza ba sa iya shiga. Ta gaisa da kowa, ta sha ruwa, sa'an nan ta kwance bakin zanenta ta ajiye zangarniya ɗaya a gaban Ba Kyari. Busasshiya, cikakkiya, fara mai ɗan ja a baki.

Ta ce, "Mutanen daji suka ce in kawo maka. Sun girbe, sun ci, sun ce ba su taɓa cin mai daɗinta ba. Sun ware iri. Amma yaran ba su iya dashe ba, a daji suka girma. Sun ce ka dawo gonarka. Kashi biyu naka, ɗaya nasu, ba mai taɓa ka."

Ya Amsa ta ce, "Ki mayar musu."

Ba Kyari ya ɗauki zangarniyar yana juya ta. Ya ciri ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori, muka ji ƙarar fashewarta. Sa'an nan ya juyo gare ni, karo na farko cikin watanni da ya nemi ra'ayina.

Ya ce, "Malam, me littafinka ya ce?"

Na ce masa ban sani ba. Ita ce amsa mafi inganci da na taɓa bayarwa a rayuwata, kuma ba ta amfane shi da komai ba.

Ya tafi bayan mako biyu, shi kaɗai, ya hana kowa binsa. Tun daga shekarar, duk ƙarshen sanyi buhu biyu ko uku sukan iso gidana a ƙarƙashin gawayi. Shi ma yakan zo ya yi bazara da mu, ya ƙara tsufa, ya ƙara shiru. Ba ma tambayarsa da wa ya yi gayya. Tuwon yana da daɗi, fari, mai danƙo. Jikokina da aka haifa bayan wannan duka suna cinsa suna surutu, su a wurinsu abinci daga kicin yake fitowa.

Yanzu gari ya cika, an buɗe makarantu, ana kaiwa dare a titi. Sai dai jiya bayan la'asar ina zaune da rediyo na ji ana cewa wata ƙasa ta yi alkawarin taimako. Wannan karon ba za su sauko ƙasa ba ma. Ta sama za su yi aikin, na ɗan lokaci, a wuraren da aka tabbatar mutanen daji ne kaɗai ke ciki. Mai sharhin ya ce aikin zai kasance mai tsabta.

Falmata tana bakin murhu. Na ɗauka ba ta ji ba, sai ta ce, "Malam, daga sama ana gane manomi?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na rufe. Na ɗauko waya na kira lambar Ba Kyari, ko da yake na san babu sabis a firgi. Makon dashe ne. Yana can tsakiyar fili tare da yaran dajin da ya koya wa aikin, su goma sha wani abu a jere, ba bishiya ko ɗaya a kusa da su.